Wata takwas ina neman belin Sharon

Wata Talata ce a farkon watan Maris na 2021. Mun idar da sallar asuba, ina zaune a dakalin ƙofar gida ina jan carbi, sai wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Mai kiran ya tambaya ko ni ne mai mota Sharon ruwan toka, ya karanto lambarta tiryan-tiryan. Na ce ni ne. Gabana ya yanke ya faɗi, domin a lokacin duk mai mota a hanyar Abuja zuwa Kaduna abu biyu ke hana shi barci, haɗari da masu garkuwa da mutane. Ya ce ba ko ɗaya, direba lafiyarsa ƙalau, fasinjoji ma an sauya musu mota, amma in zo da kaina, in taho da takardu. Na ce daga ina? Ya ce daga hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi.

Alhamdu lillahi na ce. Wallahi abin da ya fito daga bakina ke nan, don a zatona tunda ba rai aka rasa ba, magana ce ta yini guda. Har na ce wa uwargida ta ajiye min tuwon dare.

Shekara 35 na yi ina koyarwa a firamare, na ajiye alli a 2018. Ɗan abin da na samu na sallama na haɗa da kuɗin wani fili da na sayar, na sayi motar a 2019 a hannun wani Alhaji, ta hanyar dillali. Aka miƙo min ambulan cike da takardu, aka rubuta rasit da hannu, shaidu biyu suka sa hannu, muka yi addu'a muka watse. Canjin suna kuwa ban yi ba. Duk shekara yaron da ke sabunta min takardu sai ya ce, "Malam, ai duk ɗaya ne, kada ka ɓata kuɗinka." Ni kuma na bi shi a haka, ni da na yi rayuwata ina yi wa yara faɗa a kan su rubuta sunansu a bangon littafi.

Direban ɗan yayata ne, uwa ɗaya uba ɗaya muke da mahaifiyarsa. A gidana ya yi rabin ƙuruciyarsa. Yana lodi daga Kano zuwa Zuba, ya kwana, ya juyo, ya kawo balas. Uwargida ce ke karɓa, kuma tana da wani littafi mai bangon kwali da take rubutawa a ciki: kwanan wata, nawa ya kawo, nawa aka cire na juye ko na faci, sannan ta sa shi ya sa hannu. Na sha yi mata dariya, ina cewa wannan kamfanin namu mai mota ɗaya har da akanta. Sai ta ce in bar ta da kayanta.

Da na isa ofishin, tun daga bakin ƙofa na hango ta a can ƙarshen fili, tsakanin wata tirela da wasu babura da ƙura ta rufe. Aka shiga da ni wani ɗaki aka nuna min kwali biyu da aka naɗe da buhu. A sama fitilu ne masu caji, jere guda. A ƙasa kuwa faranti-faranti ne na tiramol. Jami'in ya ɗauko ɗaya ya nuna min lambar da ke jiki, 225. Ya ce, "Baba, wanda aka yarda likita ya rubuta mai 50 ne da mai 100. Wannan ba na asibiti ba ne." Ban buƙaci dogon bayani ba. Na san tiramol, na san kodin tun kafin gwamnati ta hana maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018. Akwai yaran da na koya wa baƙi da wasali da hannuna, yanzu in na wuce su a bakin kwalbati ba sa gane ni, ido ya juye, baki ya bushe. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana motata ce za ta yi musu dako ba.

Aka fito da yaron, ba takalmi a ƙafarsa. Yana ganina ya durƙusa.

"Kawu, wallahi saƙo ne. A tasha aka ba ni."

"Nawa aka biya ka?"

Ya sunkuyar da kai. Na sake tambaya.

"Dubu arba'in."

Duk wanda ya taɓa aika kaya a tasha ya san kwali biyu a wancan lokacin dubu biyu ne, in ya yi tsada uku. Na ce masa sau nawa ke nan? Ya ce na uku. Ban ƙara cewa komai ba, don in na buɗe baki ban san abin da zai fito ba.

Ni ma sai da aka ɗauki bayanina, aka duba wayata, aka yi min tambaya ɗaya ta fuska wajen biyar. Ba wanda ya ci min mutunci, gaskiya ɗaya ce. Amma dab da la'asar jami'in ya baje takardun motar a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan suna, ya ce, "Baba, ka ce motarka ce. To wane ne wannan?" Na fara labarin dillali da rasit. Ya saurara har na gama, ya ce shi ya ji, amma takarda ba ta ji ba. Wani tsohon abokin aikina da ke zaune a garin ne ya zo ya tsaya min aka bar ni na tafi. A falonsa na kwana, ko in ce na kwanta.

Abin da zan faɗa yanzu da kunya, amma zan faɗa. Washegari a gindin wata bishiya, nesa kaɗan da ofishin, wani mutum ya tare ni, da hularsa zanna bukar da jakar takardu a hammata. Ya san lambar motata, ya san ranar da aka kama ta. Ya ce ya san na ciki, kafin Juma'a zan tuƙa abata zuwa gida, dubu sittin kawai za a sa wa manya albarka. Wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na ranto na ba shi. Juma'a ta zo, lambarsa a kashe, har yau ɗin nan. Daga baya na gane lambar mota ai daga bakin titi ma ana iya karanta ta, sauran bayanin kuma ni na ba shi da bakina ina tsammanin shi yake gaya min.

Lauyar da ta karɓi maganar ɗalibata ce, na koyar da ita a aji huɗu. Ta ƙi zama a kujerarta sai da na zauna. Ita ta fara buɗe min ido. Ta ce dokar da ta kafa hukumar, wato NDLEA, tun 1989 take, kuma shari'ar ƙwaya ba ta zuwa gaban majistare ko kotun shari'ar Musulunci, Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumi. Ta ce a idon doka motata yanzu ba mota ba ce, shaida ce, kamar kwalayen nan biyu. Kuma abin da aka yi safarar ƙwaya da shi kotu na iya mallaka wa Gwamnatin Tarayya. Na ce ko da mai shi bai sani ba? Ta ce akwai ƙofa da doka ta bari ga motar haya, ba a ƙwace ta sai an nuna da sani ko da yardar mai ita. Har na fara murmushi, sai ta ɗaga hannu.

"Malam, kada ka yi saurin murna. Dokar cewa ta yi mai motar ko wanda motar take hannunsa. Lauyan gwamnati zai ce a hannun direba take, kuma direba ya sani. Ni kuma zan ce kai ne mai ita, amana ka ba shi ya ci. Ban yi maka alkawari ba. Kafin ma mu kai nan, sai mun fara tabbatar da cewa taka ce."

Ta fara rubuta wa hukumar wasiƙa, ko za su sake ta a kan beli. Amsa ta zo cewa an riga an shigar da ƙara, motar tana cikin jerin shaidu, sai abin da kotu ta ce. Muna shirin shigar da tamu buƙatar, ranar 6 ga Afrilu ma'aikatan kotu suka shiga yajin aiki a faɗin ƙasar nan, a kan neman 'yancin kuɗin ɓangaren shari'a. Aka garƙame ƙofofi. Mako guda bayan haka aka ɗauki azumi.

Ba zan tsawaita a kan azumin nan ba. Balas ɗin motar shi ne cefanen gidana, fansho kuwa kowa ya san inda yake tsayawa. Uwargida ta koma ƙulla zoɓo da kunun aya, autanmu yana kaiwa bakin masallaci. Ɗinkin salla na jikoki kawai aka yi.

Yajin aikin ya ba ni lokacin neman Alhajin da ya sayar min. Dillali ya ce ai ya rasu tun bara, iyalinsa sun tashi. Na bi kwatance daga unguwa zuwa unguwa har aka ce babban ɗansa yana sayar da taki a Funtuwa. Na je na same shi a rumfarsa, mutumin da bai taɓa ganina ba. Na gama bayani ina jiran ya ce ba ruwansa da maganar ƙwaya, don ni ma da ni ne watakila haka zan ce. Sai ya rufe rumfa ya ja ni gida, ya jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. Muka zauna a tabarma muna bin takardun marigayi ɗaya bayan ɗaya: na gona, na aikin hajji, na asibiti. Can ƙasa, cikin ledar magani, sai ga kwafin rasit ɗinmu, da sa hannuna a jiki. Ya ce in an buɗe kotu zai zo ya yi rantsuwa, kuma ya zo, da kuɗin motarsa. Allah Ya jiƙan mahaifinsa, Ya kai haske kabarinsa.

Wurin da ya fi min ciwo ba kotu ba ne, ba ofis ba ne. Tsakar gidan yayata ne.

Lauya ta rubuta takardar rantsuwa da zan sa wa hannu. Sakin layi ne masu lamba: cewa ni ne mai motar, cewa na ba wane ita don ɗaukar fasinja kaɗai, cewa ban sani ba kuma ban yarda ba, cewa shi da kansa ya amsa min a gaban jami'ai an biya shi dubu arba'in. Kowane layi gaskiya ne. Amma na ga bai kamata Yaya ta ji a bakin wani ba, sai na je na karanta mata ina fassarawa. Tana tankaɗe gari, ba ta ɗago ba har na kai ƙarshe. Sannan ta ajiye rariya.

"Wato za ka je gaban alƙali ka ɗaure ɗanka da hannunka saboda ƙarfe."

"Yaya, shi ya ɗaure kansa. Ni abin da na sani kawai na faɗa."

"Da ka yi shiru mana. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Na ce in na yi shiru, motar ta tafi, shi kuma ba zai fito ba, an yi biyu babu. Ta ce ita ba ta san lissafi ba, ita dai ta san ta goya ni, ta goya shi. Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da aikinta. Na daɗe a tsaye kafin na yi sallama, ba ta amsa ba.

Kwana uku takardar tana aljihuna. Na tambayi lauya ko za a cire layin dubu arba'in. Ta ce za a iya, amma bayanin yana cikin abin da yaron ya rubuta da hannunsa, cirewa ba za ta amfane shi da komai ba, ni kuma za ta sa a ce ina ɓoye wani abu. Na tambayi limamin unguwarmu, ya karanto min ayar da ke cikin Suratun Nisa'i, wadda ta ce a tsaya da adalci a ba da shaida don Allah ko da a kan kai ne ko iyaye ko dangi. Na san ayar tun ina yaro. Saninta daban, riƙe biro kuma daban. Na sa hannu ranar Alhamis, hannuna yana rawa kamar na sabon ɗan aji ɗaya.

A watan Yuni aka janye yajin aiki, muka shigar da takardu. Aka ba mu rana a Yuli. Na yi sammako, na biya kuɗin mota, na zauna a benci tun ƙarfe takwas, aka kira mu wajen sha biyu, lauyan gwamnati ya miƙe ya ce yana neman lokaci ya mayar da martani a rubuce. Minti uku ba a cika ba aka ɗage. Daga nan kotu ta tafi dogon hutunta na shekara, sai Satumba. Damina ta sauka sosai a shekarar. Duk dare in ruwa ya kece, tunanina yana can ƙarshen filin nan, ina tuna robar gilashin baya da na daɗe ina cewa za a canja.

A Oktoba aka saurare mu. Lauyan gwamnati ya faɗi daidai abin da ɗalibata ta ce zai faɗa, har ya ƙara da cewa direba ɗan gida ne, da wuya a ce kawu bai san abin da ɗan 'yar'uwarsa yake yi ba. Maganar ta soke ni, amma ban ga laifinsa ba, aikinsa yake yi. Sai lauyata ta ja hankalin kotu ga littafin uwargida, wanda muka haɗa da takardar rantsuwa. Mai shari'a ya sa aka miƙo masa na ainihin. Ya gyara tabarau, ya buɗe daga farko, yana bin shafi da yatsa. Shekara biyu, tafiya bayan tafiya, kuɗin kusan ɗaya ne, wani mako ma ƙasa da haka saboda gyara. Ranakun da yaron ya ce ya ɗauko saƙon farko da na biyu suna nan, kuma ko kwabo bai ƙaru a balas ba. Akwai shafin da man ja ya ɗiga a kai. Mai shari'a ya tambaya wa ke rubutawa, aka ce matar mai mota. Bai ce komai ba, ya yi rubutu mai tsawo.

Bayan mako biyu ya yanke hukunci: a ba ni motar a kan beli. In kawo mutum biyu masu tsaya min, in sa hannu cewa zan kawo ta duk ranar da kotu ta nema, ba zan sayar ba, ba zan sauya fenti ko inji ba har a gama shari'a, kuma a ɗauki hotunanta ciki da waje, da lambar inji da ta shasi, a sa a fayil. Da muka fito na rasa abin da zan ce wa lauyar, sai na ce Allah Ya yi miki albarka, kamar yadda nake ce musu in sun ci jarrabawa.

Na ɗauka da hukunci a hannu sai tuƙi. Ashe sai an buga odar, an buga mata hatimi, an kai wa hukumar, su ma sun tabbatar daga kotu ta fito, an je an ga gidajen masu tsaya min. Kwana goma sha ɗaya wannan ya ci.

Ranar da na je ɗaukarta na tafi da makanike da jarkar fetur da aron batir. Tayoyi uku sun kwanta, sun tsage ta gefe. Ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta ta bushe a tsaye. Da na buɗe ƙofa wani wari ya buge ni, ruwa ya bi ta robar nan da nake tsoro, kujerun baya sun yi funfuna fari fat. Makanike ya ɗaga bonet ya yi salati: ɓera ya yi gida a gefen inji da soson kujera, ya gwaigwaye wayoyi. A aljihun gaba na tarar da carbin yaron da rabin ƙullin gyaɗa. Wani jami'i matashi ya ajiye abin da yake yi ya zo ya taya mu turi. Ba ta tashi ba. Janwe muka ɗauka zuwa gareji, ta yi kwana huɗu, sannan muka lallaɓo da ita Kano, muna tsayawa a Zariya da Kwanar Dangora muna ƙara ruwa. Abin da na kashe a Ƙofar Ruwa wajen kayan gyara, da kuɗin zirga-zirga na wata takwas, da dubu sittin ɗin mai hula, uwargida ta tara su a shafin ƙarshe na littafinta. Da ta nuna min jimla na ce ta rufe.

Yaron ya amsa laifinsa a gaban kotu, aka yanke masa shekara biyu. Wanda ya ba shi saƙon a tasha, da wanda zai karɓa a Kano, lambobin waya ne kawai, kuma duka sun mutu tun daren da aka tare motar. A 2022, bayan an gama shari'a, kotu ta sauke min sharuɗɗan beli. Washegari na je na yi canjin suna, na tsaya a layi da kaina.

Na kai masa ziyara sau huɗu a gidan yari, da garin kwaki da sabulu. Bai taɓa tayar da maganar rantsuwa ba, ni ma haka. Yanzu ya fito, yana koyon gyaran waya a wajen wani abokinsa. In ya zo gaishe ni yakan tsaya ya dubi motar in tana ƙofar gida, wani lokaci ya shafa bonet ya ce injin yana neman juye.

Wani dattijo ne ke tuƙa ta yanzu, ba dangin iya ba na baba, mun yi yarjejeniya a rubuce a gaban shugabannin tasha, kuma ba ya ɗaukar saƙon da bai buɗe ya gani ba. Uwargida tana kan littafi na uku.

Yaya ta dawo tana amsa gaisuwata, ranar salla ma takan aiko da tuwo. Watan jiya aka yi bikin jikarta a Gezawa, na hana motar lodi ranar don ta kwashi 'yan gida. Mata suka cika ta, aka bar wa Yaya kujerar gaba. Ta fito da mayafinta, ta dubi motar, ta ce ƙafarta ba ta son kujera mai tudu. Ta tare a daidaita sahu ta bi mu a baya.